Bindigar da Babansa Ya Ɗauka

Jiya 'yata tana bitar darasin tarihi, yadda Turawan Ingila suka ci sarakunan Indiya da yaƙi, da sojojin da suka ɗiba cikin 'yan ƙasar. Sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai.

Bayan la'asar yakan zauna ƙofar gidanmu a unguwar Tandabawi ta Makka, shayinsa na ƙamshin na'a-na'a. Wata rana na yi alfahari a gabansa cewa gudun Nasara ne ya kawo kakanninmu Makka. Ya ajiye finjalin a hankali.

"A'a, jikana. Babana bindigarsu ya ɗauka, ya harbi 'yan'uwansa. Gafara ya zo nema."

Ina cikin wannan tunani 'yata ta ce, "Baba, namu kakannin fa?" Na kasa ɗaga kai.

Allah Ya jiƙansu duka, Ya fara da waɗanda aka harba.