Sitiyarin Baba Imoro

A Maamobi babu wanda bai san Baba Imoro direba ba. Tun yana saurayi ya sauko daga Arewa, ya fara da yaron mota, har ya kai ga jan trotro, wato bas ɗin haya, tsakanin unguwannin Nima da Madina. Tsohuwar motar ba ta da rediyo, don haka shi yake yi wa kansa kiɗa. Da zarar cunkoso ya tsayar da shi, sai ya hau buga sitiyari da babban yatsa.

Da gwiwa ta fara damunsa, ɗansa Mujeeb ya samo masa ƙaramar tasi mai kujeru masu laushi. Abu ɗaya ya hana shi jin daɗinta. Yana cikin sauraron wa'azi sai rediyo ya tsallaka zuwa kiɗan samari, ko murya ta tashi har masu talla su waiwayo. Ran nan ya ɗauko limamin unguwa, suna tsaye a Adabraka sai ganga ta ɓarke a rediyo. Liman jan carbinsa kawai yake yi. Baba Imoro ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya kai motar gareji, aka duba wayoyi, aka ce lafiyarta ƙalau. Ya yi mata addu'a ya tofa, ba ta daina ba.

Hajiya Amama, mai sayar da atamfa a Zongo Lane, ita ta gano bakin zaren. Tana zaune a gaba wata safiya, ta yi ta kallon hannunsa.

"Baba, ɗan ɗaga yatsan nan," in ji ta.

Ya ɗaga. Rediyo ya natsu a tasha ɗaya. Ta nuna masa ƙananan maɓallan da ke jikin sitiyarin, waɗanda ya ɗauka ado ne: na sama yana ƙara murya, na ƙasa yana rage ta, masu kibiya kuma su ke sauya tasha. Ta ce motar ƙanenta ma haka take.

Baba Imoro ya yi dariya har da hawaye. "Ashe aljanin ni ne, Hajiya."

Yanzu duk fasinjan da ya shiga sai ya tambaye shi abin da yake son ji, ya sauya masa ba tare da ya saki sitiyari ba. Hajiya Amama kuwa ba ta hawa tasin kowa sai tasa. Ita labarai take so, shi ƙwallo, kullum suna gardama har bakin shagonta.