Yayata da Giyar Tsohuwar Motarta

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran mota, kuma a duk waɗanda suka taɓa kawo mini aiki babu wanda ya sa mini ciwon kai kamar yayata. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan shekara shida, ita ta ƙarasa rainona, kuma ina jin tun lokacin ta yanke hukuncin cewa ba zan taɓa sanin abin da ba ta sani ba. Yau furfura ta cinye mini gemu, jikokina uku, amma in ta shigo gareji Auta take kirana, ko da a gaban wa.

Ungozoma ce. Ta yi shekara talatin da huɗu a ɗakin haihuwa na babban asibiti kafin ta yi ritaya. Gajera ce, mai ƙananan hannaye masu ƙarfin tsiya, ba ta da yawan dariya kuma ba ta maimaita magana. Abin da aka san ta da shi a wurin aiki shi ne kunne. Tana da wani ɗan ƙahon ƙarfe da take ɗorawa a kan cikin mai juna biyu ta saurari bugun zuciyar jariri, kuma ko da aka kawo na'ura ba ta ajiye shi ba. Ƙananan likitoci sukan duba takarda, sannan su dubi fuskarta kafin su ce wani abu. Mutumin da aka yi shekaru ana yi wa haka, da wuya ka zo daga baya ka ce masa kunnensa ya yi kuskure.

Mijinta malamin makaranta ne. Da Allah ya yi masa rasuwa ya bar ƙaramar mota ruwan toka, irin mai ƙofa biyar ɗin nan da but ɗinta ke ɗagawa tare da gilashin baya. Ta haura shekara ashirin, injinta ɗan ƙarami, amma marigayin ya riƙe ta da kyau. 'Ya'yan suka ce a sayar, Yaya ta ce ba mai taɓa ta. Ta gaji da tsayuwa a bakin titi tana jiran abin hawa, ta gaji da roƙon surukai su kai ta asibiti ganin likitan ido. Tana da shekara sittin da ɗaya ta shiga makarantar koyon tuƙi. Na yi tayin koya mata da kaina, ta ce ba za ta zauna wanda ta yi wa wanka yana ba ta umarni ba.

Gaskiya ta iya. Ribas ɗinta ya fi na direbobi da yawa da na sani, tana duba madubi, ba ta taɓa goga motar a jikin gini ba. Matsalarta ɗaya ce, ba ta son jin ƙarar inji. Da zarar ya ɗan ɗaga murya sai ta taka kuloci ta wuce giya ta gaba. Kafin ta bar layin gidansu ta kai lamba uku. Gudun da mai keke zai iya bin ta, ita tana lamba huɗu. Motar ta kama kakkarwa, sitiyari na rawa, makullan da ke rataye suna kaɗawa, ita kuwa ta miƙe wuya ta riƙe sitiyari da hannu biyu, hankalinta kwance.

Na yi mata bayani ya fi sau talatin. Na nuna mata allurar da ke nuna juyin inji, wadda ke gefen ta gudu. Na ce a cikin gari, in ba sauri ake ba, ba laifi ta canja giya in allurar ta kai biyu da rabi. Amma in za ta hau babban titi, ko za ta wuce wata mota, ko tana hawan tudu, ƙaramin inji irin wannan ba ya da ƙarfi a ƙasa, sai allura ta haura uku yake farkawa. Ta bar shi ya kai huɗu, ko ya ɗan gota, sannan ta canja. Dalili kuwa, duk sanda aka canja giya allurar faɗowa take yi. In an canja a huɗu, za ta faɗo wajen uku, inji na nan da ƙarfinsa. In an canja a biyu, za ta faɗo ɗaya da wani abu, ko ka taka totur har ƙasa motar sai dai ta yi ta nishi. Na nuna mata inda jan layi ya fara, a shida, na ce tsakaninta da wurin akwai tafiya.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita ta yi shekara talatin da huɗu tana sauraro, ta san kukan lafiya ta san na wahala, kuma ƙarar da nake so ta sa motar ta yi ta wahala ce. Na ce ai ita ta sha gaya mana jaririn da ya faɗo yana tsala ihu shi ne mai lafiya, wanda ya yi shiru shi ake tsoro. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce kada in ƙara sa bakina a aikin da ban sani ba.

Motar ce ta riƙa shan wahalar. Bayan 'yan watanni na kwance fulogi na same su baƙi ƙirin. Robobin da inji ke zaune a kansu suka tsage saboda jijjiga. Na canja, na nuna mata tsofaffin a tafin hannuna. Ta juya su da ɗan yatsa ta ce kayan yanzu ne ba su da inganci, a zamanin marigayi fulogi na yin shekara uku, kuma in bincika wurin da nake saye.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mahaɗar da ke kusa da gidanta. Hanyar unguwarsu tana hawa ɗan tudu ne kafin ta shiga babban titi, wurin shigar gajere, manyan motoci kuma suna gangarowa daga gada da gudu. Duk wanda zai shiga sai ya ba mota wuta ya daidaita gudunsa da nasu.

Wata safiya na je gidanta don mu kai motar a sa mata sababbin tayoyi. Na ce ta kawo makulli, ta ce ai ba hannunta ne ya karye ba. Na zauna a gefe. Muka fara hawan tudun tana lamba biyu, inji ya fara ɗaukar murya daidai yadda ake so, har na fara jin daɗi. Sai na ga hannunta ya tafi. Lamba uku. Ba mu yi tsawon motoci biyu ba, lamba huɗu. Motar ta yi sanyi kamar an riƙe ta ta baya, muka sa kai cikin babban titi muna rarrafe. Na leƙa madubin gefena, ban ga komai ba sai gaban tirela.

“Yaya, koma biyu. Biyu, ki taka.”

Ba ta koma ba. Na kai hannu na dafa nata a kan giyar, ta buge shi. Direban tirelar ya danna ham ya taka birki, na ji ƙarar tayoyinsa har cikin haƙorana, ya kauce ya wuce mu yana zagin da ba zan maimaita ba. Warin roba ya cika motar.

Yaya ta sa sigina a natse, ta gangara gefen titi, ta ja birkin hannu, ta kashe mota.

“Sauka,” in ji ta.

Na ce mutuwa fa muka tsallake yanzu. Ta ce ta gani, kuma da ban taɓa mata hannu na rikita ta ba da tuni ta shige. Na sauka. Na tsaya a rana ina kallonta ta tayar da mota, ina jin canjin giyarta ɗaya bayan ɗaya tun ba ta yi nisa ba. A motar haya na koma gareji.

Sati uku ba ta yi mini magana ba. Takan kira matata su gaisa, ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ni ko a saƙo. Na kira babban ɗanta na ce ko dai a ɓoye makullin, ko a samo mata mota mai canja giya da kanta. Ya ce shi yana son zaman lafiya, in ina da ƙarfin hali in je in gaya mata.

Ana cikin haka aka kira 'yan fansho tantancewa. A layi ta haɗu da tsohon direban motar asibitinsu, wanda suke kira Jiniya. Sun yi aiki tare shekara ashirin, ya sha ɗauko ta da mai naƙuda a baya. Da aka gama ta ce ya zo ta rage masa hanya, suka biya ta gidanta ta ɗauki wani abu, suka fito ta wannan mahaɗar. Shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce da ya ga hannunta ya nufi giya a kan tudun, cewa kawai ya yi, “Sista, ɗan bar ta tukuna, ba ta gama ba.” Ta bari. Allura ta haura huɗu, ya ce yanzu, ta canja, motar ta shige titi kamar ba ita ba. Sau uku ta sa suka zagayo suka sake.

Washegari ina ƙarƙashin wata mota na ji an tsaya a ƙofar gareji. Na fito na gan ta tsaye da jaka a hannu. Ko maganar sati ukun ba ta ɗauko ba. Ta ce in zo ta nuna mini wani abu, ta zaunar da ni a gefe, ta sa yatsa a kan gilashin allurar.

“Ka ga wannan? In za ka hau babban titi, sai ta kai huɗu ake canjawa. Ƙaramin inji ba ya da ƙarfi a ƙasa.”

Na ce, “Yaya, shekara biyu ina gaya miki wannan.”

“Kai surutu kake yi. Shi Jiniya bayani ya yi.”

Masu jiran gyara biyu da ke kan benci suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu.

Na so a ce a nan maganar ta ƙare. Yanzu mahaɗar ba ta ba ni tsoro, tana shiga da kyau, na gani da idona. Sai dai Yaya ba ta san rabin abu ba. Tunda an ce sai allura ta kai huɗu, to huɗu ne ko'ina. Kantin magani za ta je a bayan layinsu, tana lamba ɗaya inji na kururuwa, awaki na watsewa, masu shago na leƙowa. Tun tana kwanar gidan mai nake sanin tana tafe. Na ce mata a cikin unguwa ba a buƙatar haka, mai kawai take ƙonawa. Ta ce in tsaya a magana ɗaya, da na ce ta bari ya yi ƙara, yanzu na ce ta hana shi.

Makon jiya matata ta ce ita ma tana son ta koyi tuƙi. Na ji daɗi, na ce ranar da ba na buɗe gareji sai mu fara a filin makaranta. Sai ta ce in ba zan ji haushi ba, sun riga sun yi magana da Yaya, ita za ta koya mata, don an ce ta fi kowa gane lokacin canja giya.