Kyamarar da Muka Sa wa Baba a Mota

Yayyena ne suka yanke shawarar, ni aka bar wa aikin, kamar yadda aka saba tun rasuwar Mama. Su suna Kaduna da Abuja. Ni ce auta, ina zaune a Dogarawa, ina koyarwa a wata sakandare a Samaru, ba nisa da gidan Baba. Duk abin da aka tattauna a waya, a kaina yake ƙarewa.

A lokacin Baba ya haura saba'in. Ya daɗe da barin aikin gona a Shika, amma tuƙi kam ya ƙi bari. A tsohuwar motarsa yake zuwa coci, ya je Sabon Gari sayen abincin kaji, ya kai maƙwabta asibiti. Sai ƙananan labarai suka fara iso mana: ya gogi wani mai keke a bakin kasuwar Samaru, fitilar baya ta fashe bai san inda abin ya faru ba. In an tambaye shi sai ya ce yaran yanzu ne ba su iya hanya ba. Babban yayanmu ya ce ba za a karɓe wa dattijo makulli a kan ji-ta-ji-ta ba, a sa masa kyamara a mota mu gani da idonmu. Ya saya ya aiko ta motar haya, na je tasha na karɓo bayan an tashi makaranta.

Na ce wa Baba saboda masu keke ne, in wani ya buge shi a sami shaida. Ya juya abar a tafin hannunsa, 'yar ƙarama ce kamar kwalin ashana, ya miƙo mini ya ce in sa.

Na ɗauka aikin minti kaɗan ne. Wata roba ce ake dannawa a jikin gilashin gaba ta kama. Na goge gilashin da bakin zanena, na danna, ta zauna. Kafin rana ta yi tsaka zafi ya sake ta, muka tarar da ita tana lilo a jikin waya kusa da giya. Ramin da ake jona wayar kuma ashe ya mutu tun ba yau ba. Dole ranar Asabar muka tafi Sabon Gari wurin mai gyaran wutar mota, ranar da na ware don wanki da duba takardun jarrabawa.

Muka wuni a can. Baba na kan benci a ƙarƙashin rumfa, hularsa a gwiwa, yana kallon yadda ake ɓalle rufin motar da bai taɓa yarda kowa ya tuƙa ba. Mai gyaran ya bi da wayar ta cikin rufin, ya sauko da ita ta gefen ƙofa har ƙarƙashin sitiyari, sannan ya manne kyamarar da gam a bayan madubi yadda ba za ta tare wa direba gani ba. Da ya gama ya nuna mini inda ake zare ɗan memorin da ke adana hotunan, ya ƙara da cewa ba hoto kaɗai take ɗauka ba, har da duk maganar da aka yi a cikin motar. Baba na tsaye a bayana yana ji.

Daga nan kallo ya zama ƙarin aikina. Nakan zare memorin in na biya gaishe shi, in buɗe a kwamfutar ofis bayan malamai sun watse. Babu abin da ya kai kallon hanyar da ka riga ka sani gajiyarwa. Bayan tirela, ɗalibai suna tsallakawa da waya a kunne, masu keke suna yanko gaba, cunkoson Kwangila, sai a dawo. Yayyena kuwa kullum saƙonsu ɗaya ne, me na gani. In na ce ban gama kallo ba, sai su ce in daure.

Da farko waƙoƙin coci kawai nake ji, Baba yana rerawa ƙasa-ƙasa. Wata rana wani ɗan acaɓa ya faɗo masa gaba, ya taka birki, sai na ji muryarsa sarai.

"Auta, kin gani ko? Ki faɗa wa yayyenki wannan ba laifina ba ne."

Na tsayar da hoton. Ashe tun ranar farko ya san dalilin.

Bayan haka ya mai da kyamarar abokiyar hira. Yakan gaishe ni da safe in ya tayar da mota. Ya nuna mini inda gonar gyaɗa take kafin a gina ɗakunan ɗalibai, da kwanar da ya fara ganin Mama tana dawowa daga kasuwa da tire a ka. Abubuwan da bai taɓa faɗa mini ido da ido ba, a nan na ji su, ina hamma, ga tarin littattafan yara a gabana. Wani lokaci nakan gaggauta hoton don in gama, sai kuma in dawo baya don kada wata maganarsa ta wuce ni.

Cikin damina abin ya faru. Yana dawowa daga Sabon Gari da buhunan abincin kaji, da ya iso mahaɗar Kwangila sai ya ɗauki hanyar Kano maimakon ta Samaru. Ya ɗan yi tafiya, ya rage gudu, ya gangara gefen titi ya tsaya. Injin na aiki, ruwa na ɗiga a gilashi, manyan motoci na wucewa. Na san wurin, ko minti biyar ba za a yi ba a ƙafa zuwa ƙofar gidana. 

"Auta," ya ce, "na san na san nan. Amma ta ina ake zuwa gida?"

Daga baya na ji ya sauke gilashi yana tambayar wata mai gasa masara hanyar Samaru. Ta yi masa kwatance, ya yi mata godiya sau biyu, ya juya a hankali.

Washegari da na je, na same shi a tsakar gida yana wanke kwanonin ruwan kaji. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambaye ni ko na kalla, na ce na kalla.

"Kada ki tura musu," ya ce. "Ni zan faɗa da bakina."

Da yamma ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ina zaune ina jin yadda yake lallashin yayata da ta fashe da kuka. Makullin kuwa bai miƙo mini a hannu ba. Na tarar da shi a cikin jakata bayan na isa gida.

Likitocin asibitin Shika sun yi gwaje-gwajensu, suka ba da magani, suka ce a riƙa kawo shi. Yayyena sun yi ta sa mini albarka a waya, kowa ya yi alkawarin zuwa in aiki ya yi sauƙi. Yanzu ni ke tuƙa motar. Coci ranar Lahadi, asibiti in ranar ta zo, Sabon Gari in abincin kaji ya ƙare. Baba na zama a gefena, yana taka birkin da babu da ƙafarsa ta dama, yana cewa na cika matse wa masu keke. A gabana ba ya yawan magana kamar yadda yake yi shi kaɗai.

In na sauke shi, nakan shigar masa da buhunan, in duba ya sha magani, in tabbatar an kulle ƙofar baya. Sannan in kama hanyar Dogarawa, inda yarana ke jira in zo in ɗora tukunya.