Baƙin Zare a Wuyan Mai Kankana

Wata Laraba ce cikin watan Rajab, tsakanin Magariba da Isha'i, a saman benen da muke haya a unguwar Misfala, kusa da Ɗakin Allah. Mu uku ne a gaban murhun gawayi: kakata Hajiya Dije, ni ina ɗan shekara tara, da ƙanwata Rabi. Kawu Sani, autan Hajiya, daga baya ya hawo.

Hajiya ta zo aikin hajji daga Kano tun tana da ƙuruciya, ba ta koma ba. Gyaɗa take soyawa ta sayar. Takan sayi tsofaffin mujallun mako-mako na Masar a kilo, ta yayyaga, ta naɗe gyaɗar a ciki. Amma akwai wani mai zanen barkwanci da ba ta taɓa zuba gyaɗa a shafinsa ba. Sai ta cire shafin, ta danne shi a ƙarƙashin katifa har ya miƙe, ta adana a gwangwanin biskit. Ba ta iya karatun jarida ba, don haka ba ta san sunansa ba. Hannunsa ta sani. Ko a cikin shafi ɗari za ta tsamo nasa.

"Matso nan, maigidana," ta ce da ni, yadda kakanni ke tsokanar jikoki. "Dubi tumbin mutumin nan. Ja ɗaya ya yi masa, bai ɗaga alƙalami ba. Dubi yatsun ƙafarsa, su ma tsoro suke ji."

Na duba. Wani ƙato ne da jar dara, ya rungume kankana, yana sanɗa a jikin bango. Layukan duka ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma sai na ji kamar haki yake yi.

Daga hoton take ciro tatsuniya. Ta ce mutumin ya sayi kankana ne, ya tuna in ya bi ta layinsu dole ya gaisa da maƙwabta, in ya gaisa dole ya yanka musu. Sai ya zagaya ta bayan gari. Ya tsallake kwata, kare ya bi shi, takalminsa ya tsinke. Ya isa gida, ya kulle ƙofa, ya sa wuƙa, ya tarar cikinta fari fat. Ga shi ba wanda zai yi wa ƙorafi, tunda ba wanda ya san ya saya.

Muna cikin dariya Kawu Sani ya iso daga darasinsa na masallacin Harami. Ya tsaya yana kallon gwangwanin.

"Inna, hada ma yasir, wannan bai dace ba. Hotunan masu rai ne. Malam ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da suke."

"To hoton da ke jikin iƙamarka ta izinin zaman ƙasar nan fa? Wanda ka shafa mai kafin a ɗauka?"

"Wannan larura ce, Inna."

"Man ma larura ne?"

Bai yi dariya ba. Ya ce ɗayan biyu: a ƙone su, ko a ja layi da biro a wuyan kowane mutum, a raba kai da gangar jiki. Ya ba ta zuwa Juma'a.

Hajiya ba mai wasa da maganar addini ba ce. Saboda Ɗakin Allah ta bar garinsu. Ta daɗe tana juya shafin a hannu.

"Ni da ban iya rubuta alifi ba," ta ce a hankali, "in sa alƙalamina a kan na wannan bawan Allah?"

Kashegari ba ta soya gyaɗa ba. Ta ɗauko allura da baƙin zare. A kowane zane ta huda farar takarda a gefen wuya, ta miƙa zaren ya ratsa wuyan, ta huda ɗaya gefen, ta ƙulle ta baya. Kai ya rabu da jiki ga duk mai kallo, tawada kuwa ko ɗigo ba a taɓa ba. Ni na riƙa zura mata zare a allura har la'asar.

Ranar Juma'a Kawu ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan mai kankana fiye da yadda binciken yake bukata. Ya ce zai tambayi malam.

Yanzu aikina karanta labarai a rediyo, kuma na san sunan mai zanen. Ina sayen tsofaffin fitowar mujallar duk inda na samu. Na karanta rubutun da ke ƙarƙashin mai kankana: maganar tsadar kaya ce, ba ruwanta da maƙwabta. Amma rowa da fargabar da Hajiya ta gani suna nan a yatsun ƙafar. Ita ta koya mini cewa mutum zai iya bin umarnin da ya yarda da shi ba tare da ya ɓata aikin wani ba, in ya yarda ya sha wahalar neman hanya.

Kawu bai taɓa kawo amsar malamin ba. Shekarar da aka rushe layinmu, Hajiya ta riga ta rasu, shi ya koma cikin gidan ya ɗauko gwangwanin, ya kawo mini a tasi har unguwar Shisha, inda na koma.