Malam Zaharaddini da Rigimar Rumbuna Biyu

Shekara talatin da biyar, kullum safiya Malam Zaharaddini yana hawa tsohon babur ɗinsa zuwa makarantarmu a Talata Mafara, da kabewa ɗaure a baya, lemun tsami a aljihu. Kabewar ce duniya, lemun kuwa wata. Da su yake koya mana cewa kowane abu biyu suna jan juna: nauyi ya ƙaru, ja ya ƙaru, a ninka tazara, ja ya koma kashi ɗaya bisa huɗu. Ran Juma'a matarsa ta yanka duniya ta yi taushe.

Ni ce na kusa mai da iliminsa masifa. Na je hutu Ruwan Gizo na tarar da mahaifina, Nagode, yana kukan geronsa na raguwa. Da rawar kan ɗalibar da ta san abu ɗaya tak, na karanta masa darasin. Baba ya dubi ɗan rumbunsa, ya dubi ƙaton rumbun amininsa Yari da ke gab da shi, ya daina tauna goro. Kafin Magariba ya aika wa Yari cewa ko ya ɗage rumbunsa ko su haɗu gaban alƙali. Amincin shekara arba'in da cin tuwo a kwano ɗaya ya tsaya cak, ni kuwa kunya da tsoro suka hana ni cin abinci.

Malam na jin labari ya buga babur ya zo. Bai yi wa Baba dariya ba, har yau wannan nake tunawa. Ya gaisa da dattawan, ya auna tazara da taku, ya tsuguna ya yi lissafi a ƙasa da kara.

"Gaskiya ta, Baba, rumbun Yari na jan naka," in ji shi. "Amma jan bai hi nauyin ƙwayar gero guda ba. Kuma naka na jan nashi daidai wa daida."

Yari ya ce to shi ma zai shigar da ƙara.

Sai Malam ya leƙa ƙarƙashin rumbun Baba, ya nuna musu ramin gafiya da ƙaiƙayi tsibi a bakinsa. Daren nan a kwano ɗaya aka zuba wa Baba da Yari tuwo.

Malam, kai ne mai sauko da taurari bakin rumbu. Ga shi ka ajiye alli a watan nan, ba lambar yabo, ba ɗakin gwaje-gwaje da sunanka. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Malaman yanzu, ku yi koyi da shi: in darasi ya ɓata a hanya, ku bi shi har gida.

Rumbunan na nan kafaɗa da kafaɗa. Baba da Yari sun ba ni kabewa in kawo maka, sun ce wannan a ci, kada a koyar da kowa da ita.