Jirgin da ya kife a cikin wayata

"Ɗana, ina yaron ya tafi?"

Muna tsakiyar ruwa ke nan a jirgin Wara, wata inna mai kwandon busasshen kifi tana buga gem, wato wasan waya, da muke haɗawa, a wayata. Mu uku ke aikin a Yelwa, ni ke jagora, kuma duk mun gaji. Hadiza mai yi mana zane ma ta ce daga wannan watan ta haƙura. Na fito ne in gwada shi a hannun mutane, in ba wanda ya kula mu rufe.

A gem ɗin, yaro masunci ne ke tuƙa jirgi yana kauce wa kututtura. In ya ci karo sai allo ya yi baƙi.

Na ce, "Inna, kifewa ya yi. Sake sabo."

Ta dube ni. "Haka kawai? Ba wanda ya zo? Mu nan in jirgi ya kife, ko wanda ba ku ga maciji da shi, yar da komarshi yakai ya taho. Haka aka fiddo ƙanena."

Ta miƙo min wayar. "Ran da ka sa masu ceto, kawo in buga."

Muna sauka na kira Hadiza. Ban gama bayani ba ta katse ni: "Jirage nawa zan zana?"

Yanzu a gem ɗinmu, in ka kife jirage ke tahowa.

Ku fa, wa ya taɓa yar da komarsa ya taho gare ku?