Nauyin Kafinta

Yayata tela ce, kuma na fi shekara ashirin ban ga ta ɗaga abin da ya fi dutsen guga nauyi ba. Ba raini ba ne. Mace ta shigo ɗakinta, kallo ɗaya za ta yi mata ta faɗi awon kafaɗarta, a sa tef a tarar haka ne. Amma ƙarfi kam babu shi. Bara ma ta zame a banɗaki ta karye a hannun dama, da aka kwance ɗaurin sai ga hannu kamar sillen kara, ko murfin kwalba sai ta ƙwala mini kira.

Mijinta kuwa, wanda kowa ke kira Kafinta, ƙato ne na gaske. Shi ke ɗaukar komai a gidan, har keken ɗinkin idan za a share ƙarƙashinsa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ya faɗo daga rufin wani bene da suke buga wa kwano, ƙafafunsa suka daina motsi. Wata uku yana kwance a asibiti.

Ranar da aka fara maganar sallama ina wurin. Nas ɗin da ke kula da shi ta ja mu baranda ta ce, "Wa zai riƙa sauke shi daga gado zuwa kujera mai taya? Sau huɗu, sau biyar a rana fa, ba wasa ba ne."

"Ni," in ji Yaya.

Nas ta kalli hannun nan. Sai wan Kafinta, wanda ya zo daga garinsu mai nisan tafiyar yini guda, ya gyara murya ya ce gara a ba shi ƙaninsa, shi yana da samari a gida. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma na ji haushinsa. 'Ya'yan Yaya mata ne biyu, suna gidajensu nesa, ni kuma tun safe nake fita aiki. Nas ta ce saura sati shida a sallame shi. "Ranar ki ɗaga shi a gabana. Idan kin iya, ki tafi da mijinki."

Ta nuna mata abin da za ta riƙa yi, Yaya ta dawo gida ta kama ba ji ba gani. Da safe ta dafa bango da hannu biyu, ta matso da ƙirjinta ta ture, tana ƙirge. Ranar farko a bakwai ta tsaya. Ta ɗaura tawul a hannun ƙofa tana jan jikinta. Ta cika jarka mai lita biyar tana ɗagawa zuwa ƙirji, bayan sati biyu ta koma mai lita goma. Ina yi mata tsiya cewa dambe za mu kai ta, tana dariyar yaƙe. Kullum idona na kan wuyan hannun nan, ina jiran in ji ƙas.

A sati na uku ta ce jarka ba mutum ba ce. Ta ɗauko tsohuwar rigar aikin Kafinta da wandonsa, ta yi musu shafi da buhu, ta ɗinke bakin hannu da na ƙafa, ta ɗura yashi da ƙyallaye. Ba ta auna komai ba, awon mijinta a kanta yake: ƙirji arba'in da shida, ƙugu arba'in. Sai da abin ya cika rigar dam ta rufe wuyan. Mu biyu muka ja shi bakin gado muna nishi, na ce, "Yaya, wannan ai ya fi mai rigar ma."

"Ba ki san nauyinsa ba ne," ta ce.

Tun daga nan kullum sai ta durƙusa kaɗan, ta miƙe baya, ta rungumi buhun nan yadda nas ta koya mata, ta yi yunƙurin juyawa da shi zuwa kujera. Ko motsi ba ya yi. A sati na huɗu ya ɗan taso, ya rinjaye ta suka zube tare, na dawo aiki na same ta zaune a ƙasa riƙe da kafaɗa. Na ce ta haƙura kafin mu kwantar da mutum biyu. Ta ce idan aka tafi da mijinta, wa zai san ba ya son a juya shi ta hagu? Har ana gobe sallama, sau biyu kacal ta taɓa kai buhun kujera, na biyun ma rabi a kai rabi a ƙasa.

Da hantsi muka shiga ɗakin marasa lafiya. Wan Kafinta ya riga mu, har ya zo da mota. Nas ta yaye zanen da kullum Kafinta yake lulluɓe da shi, ta zaunar da shi bakin gado, ta danne birkin kujerar. Yaya ta sa gwiwoyinta a jikin nasa, ta zagaya hannuwa ta bayansa, ta ja numfashi, ta yunƙura da duk ƙarfin da ta tara.

Sai ya taso sama gaba ɗaya, har ta yi taga-taga da baya. Nas ta kai hannu, amma Yaya ta tsaya da ƙafarta, ta juya a hankali ta ajiye shi. Nas ta ce shi ke nan, ta ci. Wansa ya sunkuyar da kai yana kaɗa makullin mota. Yaya kuwa ba ta saki ba, hannuwanta na nan zagaye da bayansa, na ga yatsunta suna tafiya a hankali kan haƙarƙarinsa.

Kafinta ya yi murmushi ya ce, "Lallai kin yi ƙarfi, Tela."

"Na yi," ta ce.

Ta ce bari ta karɓo takardar sallama, na bi ta ina murna. A baranda ta jingina da bango, hawaye na zuba.

"Yaya, kin fa ɗaga shi!"

"Talatin da bakwai," ta ce. "Ƙirjinsa talatin da bakwai. Kullum ina zuwa, ban gani ba."